Karɓa da Doka Daban, Ƙwace Daban

  

Ana yawan tambaya a rumfuna: idan hukuma ta ɗauke gonar mutum, ko ta garƙame masa sito, ƙwace ne ko hukunci ne?

Abin da muka karanta a zaure gaban malamanmu shi ne, dukiyar mutum ba ta halatta sai da yardarsa. Wanda ya ɗauka da ƙarfi ba haƙƙi ya yi gasabu, biya na kansa ko da sarki ne. Amma fa shari'a ta bar wa shugaba ƙofa. Sayyidina Umar, Allah ya yarda da shi, da zai faɗaɗa Masallacin Makka ya rushe gidajen da masu su suka ƙi sayarwa, ya ajiye musu kuɗinsu. Haka malaman Malikiyya suka ce in yunwa ta matsa, ana tilasta wa mai ɓoye abinci ya fitar ya sayar, a ba shi kimarsa. To, ashe karɓa tana halatta in buƙatar ta jama'a ce kuma an biya.

Dokar Ƙasa ta 1978, ta zamanin Janar Obasanjo, wadda har yau da ita ake aiki, ta sa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna amana. Yana iya soke haƙƙin mai gona don amfanin jama'a, diyyar kuwa ta shuka ce da gini, ba ta ƙasar ba. Nan muke ganin gyara. Manomin da ya gaji gona kaka da kakanni, kuɗin masarar damina ɗaya ba ya mayar masa da ita. Jinkirin biya ma ba ƙaramin abu ba ne: a Bakolori, watan Afrilu 1980, manoman da madatsar ruwa ta ci gonakinsu sun tare hanya suna neman diyya, 'yan sanda suka buɗe wuta, rayuka suka salwanta.

Mu 'yan hatsi ma abin ya iso mu. A Fabrairun 2024 hukumar karɓar koke-koke ta Jihar Kano ta rufe wasu sito a Dawanau bisa zargin ɓoye abinci. A watan Maris Shugaba Tinubu ya umarci kwastan su mayar wa 'yan kasuwa hatsin da suka kama, da sharaɗin a sayar cikin gida. Wannan ya yi, sai dai wa zai biya asarar kwanakin da mota ta yi tsaye?

Ba mu goyon bayan mai jiran talaka ya galabaita kafin ya buɗe sito. Amma ajiyar kaka zuwa bazara ita ce sana'ar tun fil'azal, kada a kira ta laifi.

Shawararmu, kowa ya riƙe rasit da takardar gona. In an zo ɗaukar kaya, a ƙirga buhu gaban shaidu, a karɓi takarda mai sa hannu da hatimi, a sanar da shugabannin ƙungiya. Hukumar da ta zo da gaskiya ba za ta ƙi rubutawa ba, kuma kotu takarda take dubawa.

Allah ya tsare mana halalinmu. Haza wasalam.