Masu kare Intel da masu kare AMD, ku zo mu yi lissafi

Zare 🧵

Kullum sai an tashi rigima a nan: wannan ɗan Intel, wancan ɗan AMD, kamar Madrid da Barca. Ina da tambaya ɗaya. Wane kamfani ne a cikinsu ya taɓa rage maka farashi don yana sonka?

Mu fara da Intel. Daga zamanin Core 2 Quad har farkon 2017, wajen shekara goma, firosesar tebur ta mai ƙaramin ƙarfi ba ta wuce ƙwaya 4 ba. i7-7700K da ta fito Janairun 2017 ƙwaya 4 ce, kusan dala 340. Kana son ƙwaya 8? Ga i7-6900K, sama da dala 1,000. Ba rashin iyawa ba ne fa. AMD ce ta faɗi warwas da Bulldozer a 2011, sai Intel ta samu fili ita kaɗai, ta miƙe ƙafa.

Maris 2017 AMD, ƙarƙashin Lisa Su, ta saki Ryzen 7 1700: ƙwaya 8, dala 329. Kafin shekarar ta ƙare Intel ta fito da i7-8700K mai ƙwaya 6. Abin da ya gagara shekara goma ya yiwu cikin wata bakwai. Ikon Allah 😂

To 'yan AMD ku daina tafi, yanzu zan zo kanku.

A 2019 Ryzen 5 3600 dala 199 ce. Nuwamban 2020, da AMD ta ga ta sha gaban Intel har a wasan gem, mafi arhar sabon zubin ita ce 5600X, ƙwaya 6 ɗin dai, dala 299. Ba su kawo masu arha ba sai 2022, bayan Intel ta sako i5-12400F ƙasa da dala 200 ta fara kwashe kwastomomi.

Soket ɗin AM4 da kuke alfahari da shi, gaskiya ya yi tsawon rai, ban musa ba. Amma a 2020 AMD cewa ta yi madabod ɗin B450 da X470 ba za su ɗauki Ryzen 5000 ba. Sai da jama'a suka yi caa sannan ta janye. Da kun yi shiru irin na biyayya, da kun sayi sabon madabod.

Intel kuma a 2024 ta amsa cewa manyan firosesocinta na zubi na 13 da 14 suna jan wuta fiye da kima, suna lalacewa a hankali. Ta ƙara garanti na shekara biyu. Kai da ka sayi taka ta hannu, ba rasit ba kwali, wa za ka kai wa ƙara? Duk da haka akwai masu rantsuwa wai "Intel ba ta ba da matsala".

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne sayen suna. Mutum ya shiga shago yana cewa shi dai Core i7. Wace i7? i7-3770 ta 2012 ce, i3-12100 ta 2022 ta fi ta gudu nesa ba kusa ba. Mai shago ya san haka, kai ne ba ka tambayi lambar ba.

Kuɗinmu naira ne, kayan nan da dala ake shigo da su. Ka haɗa kuɗin firosesa da madabod da RAM, ka duba wutar da take ci tunda janareta ko sola za ta ɗauka, sannan ka zo mu yi musun.