Jinjina ga Masu Kasadar Ikko, da Bashin da ke Kansu

Duk wanda ya loda kwandunan tumatir a Kwanar Gafan ya nufi Mile 12 ya san cewa tun daga lokacin da direba ya tayar da mota jarinsa ya fara narkewa. Tafiyar ta haura kilomita dubu. Idan hanya ta cushe a Jebba, ko wata tirela ta kife a wajen Mokwa, kwana guda da za a ƙara ya isa ya mayar da rabin kayan ruwa. In an isa lafiya ma, ana iya tarar da motoci goma sun riga shiga kasuwa, farashi ya karye tun kafin a kwance igiya. Babu inshora, babu motar sanyi, sau da yawa ko takardar shaidar bashi babu. Duk da haka mako mai zuwa zai sake lodi. Da irin wannan ƙarfin hali ake dafa miya a birnin da ya fi kowane birni a Najeriya yawan jama'a, kuma ba kasafai mai cin miyar yake tunawa da ɗan gwari ba.

Shi ya sa na ga ya dace a tsaya a jinjina wa Hausawan Ikko: na Agege da Sabo ta Yaba, na Idi-Araba da Obalende, na Alaba Rago da Mile 12. Kasada gadonsu ce. Tun kafin a shimfiɗa dogo, fatake ke ɗaukar watanni a hanyar Gwanja, madugu na gaba, jakuna na biye, don a kawo goro Kano. Alhassan Ɗantata, mutumin Bebeji, yana cikin waɗanda suka fara sauya wannan hanya a farkon ƙarni na 20, lokacin da ya riƙa ɗora goro a jirgin ruwa daga Ankara (Accra) zuwa Ikko. Wanda ya san goro ya san girman wannan kasada. Kaya ne mai son lallashi: a buɗe huhu, a tsince mai sankara, a sauya ganye, a yayyafa ruwa, in ba haka ba huhun duka ya tashi aiki. Ɗantata ya danƙa irin wannan kaya ga teku da jirgin Bature a zamanin da yawancin 'yan'uwansa ba su taɓa ganin teku ba. Da jirgin ƙasa ya haɗa Ikko da Kano a 1912, sai ya juya kan gyaɗa, har ya zama ana labarin raƙuma ashirin na kuɗin azurfa da ya kai banki a Kano a 1929. Ya rasu a 1955, ana ƙidaya shi cikin mafiya arziki a Afirka ta Yamma.

Goron nan ne ya kafa Zangon Agege. Manoman yankin suka dasa shi, tashar jirgi tana kusa, Hausawa suka sauka suna saye suna ɗaure huhuna suna aikawa Arewa. Daga baya shanu suka biyo, suka cika mayankar Oko-Oba da Kara. Bayan su sai kayan gwari, da canji, da tireda, da teburin shayi, da tukubar tsire, da gadi, da ga-ruwa, da acaɓa.

Ɗan 'yar gidan Ɗantata, Aliko Ɗangote, ya fara kasuwanci a 1977 da rancen da ya samu daga kawunsa, kuma a Ikko harkarsa ta bunƙasa. Kowa ya san matatar man Lekki mai tace ganga 650,000 a rana, wadda aka ƙaddamar a watan Mayun 2023, ta lashe kusan dala biliyan 20 bayan shekaru na jinkiri da masu cewa ba za ta taɓa tashi ba. Abin da ba a cika faɗa wa yara ba shi ne inda ya faɗi. Masaƙunsa sun rufe. Kamfanin fulawarsa ya sayar a 2012, ya karɓe shi bayan 'yan shekaru, ya sake sayarwa a 2019. Masana'antar tumatir ta Kadawa da aka buɗe a 2016 ta sha tsayawa, wani lokaci saboda tsutsar da ta cinye gonaki a shekarar, wani lokaci saboda rashin daidaitawa da manoma kan farashi. Mutumin ya yi asara sau da dama, amma bai taɓa zuba dukan abin da ya mallaka a inda faɗuwa ɗaya za ta kwantar da shi ba, sai fa a Lekki, kuma ko can da lauyoyi da akantoci da bankuna a bayansa ya shiga.

A ganina jinjinar da ta fi cancanta ba ta attajirai ba ce. Ta waɗanda suka zauna ce bayan an zubar da jini. An yi rikicin Ketu a 1999, an yi na Idi-Araba a watan Fabrairun 2002, an yi na Mile 12 a watan Maris na 2016 har gwamnati ta rufe kasuwar na ɗan lokaci. Kowane karo motoci sun cika da mata da yara sun nufi gida. Kowane karo kuma akwai waɗanda suka share toka suka sake kafa rumfa, suka ci gaba da gaisawa da maƙwabtansu Yarbawa, wasu ma surukansu ne. Yau a Agege akwai gidajen da kaka da jika duk a nan aka haife su, Yarbanci a bakinsu kamar Hausa. Har ɗan unguwar ya zama kwamishina a gwamnatin jihar Legas a 2019. Zama a wuri irin wannan, da gina gida a cikinsa, da binne iyaye a maƙabartarsa, shi ma kasada ne, kuma ya biya.

To amma, iyayenmu Alhazai, akwai maganar da ba ta da daɗin ji. Kasadar kakanninmu tana da shinge. Baƙon da ya kawo shanu Kurmi a da yana sauka gidan maigida, a ba shi masauki da abinci, dillalin gidan ya nemo mahauci, a ba da kaya bashi, maigida ya tsaya lamuni. In mahauci ya gudu, maigida ne zai biya, domin sunansa shi ne jarinsa. Wani Bature mai suna Abner Cohen ya zauna a Sabo ta Ibadan ya rubuta littafi guda kan wannan tsari a 1969, don mamakin yadda dukiya mai yawa ke yawo ba kotu ba banki. Yaron gida kuma yakan yi shekaru yana hidima, a yi masa aure, a yanka masa jari. Malamanmu sun karantar da mu babin ƙiraɗi a fiƙihu: mai dukiya ya ba da uwar kuɗi, mai juyawa ya ba da ƙarfinsa, a raba riba yadda aka yi sharaɗi, in asara ta zo ba da sakaci ba, mai dukiya ne ke ɗaukar ta kuɗi, yaro ya yi asarar wahalarsa kawai.

Yanzu a dubi ɗan acaɓa. Yaro ne ɗan shekara ashirin daga Jigawa ko Yobe ko Maraɗi, ya zo a saman buhunan albasa ko a bayan tirelar shanu. Wani ya saya masa babur a kan ya riƙa kawo balas har ya biya kusan ninkin kuɗinsa. A ranar 1 ga Yunin 2022 gwamnatin Legas ta haramta acaɓa kwata-kwata a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Lagos Mainland inda Yaba take, bayan wata uku ta ƙara huɗu. Dubban babura aka kama aka murƙushe a gaban 'yan jarida. Wa ya ɗauki asarar? A lokuta da yawa yaron ne, ga babur babu, ga bashi yana nan. In ƙafa ce ta karye a kan titi, sai a yi karo-karo a masallaci a sa shi a mota zuwa wajen mai ɗori a ƙauye, shi ke nan an rufe babinsa. Ba ni da ta cewa kan ko dokar ta yi daidai. Birni yana da hakkin tsara titunansa, kuma tun da daɗewa aka fara nuna alama. Tambayata ga masu ba da baburan ce: tunda kun ga hadarin ya haɗo, me ya sa yaro ne kaɗai ruwan ya daka?

Haka 'yan canjin Sabo da Allen da Broad Street. Sana'a ce da aka gina kan amana, mutum ya miƙa dubban daloli da kalmar baki. Amma Babban Banki ya daina sayar musu da dala a 2021, ya saki farashin naira a 2023, ya soke lasisin kamfanonin canji 4,173 a farkon 2024. Wanda ke da rajista da littafin lissafi yana da ƙofar da zai buga. Wanda ke tsaye a bakin titi da kuɗin mutane a aljihun 'yar-shara, kamun kwana ɗaya ya isa ya rusa shi tare da duk masu ajiya a wurinsa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani kan rubuta bashi ta sauka, amma har yau akwai Alhajin da zai ji an zage shi in aka ce a rubuta. Idan ya faɗi ya mutu, marayu su shiga uku: masu bin sa suna da baki, waɗanda yake bi sun yi gum.

Uzurin gudun banki saboda kuɗin ruwa ma ya ƙare. Bankin Jaiz yana aiki tun 2012, TAJ ya biyo a 2019, Lotus a 2021, ga kamfanonin takaful da hukuma ta ba lasisi. Ƙungiyar 'yan gwari da ta iya tsayar da kai abinci Kudu a ƙarshen Fabrairun 2021, bayan rikicin Shasha a Ibadan, har tumatir ya yi tsada a Ikko ya ruɓe a Kano, ba za ta kasa haɗa asusun da zai tallafi wanda motarsa ta kife ba. Ƙarfin yana nan. A wajen fushi kawai muka saba fito da shi.

Akwai kuma wata kasada da muke hana 'ya'yanmu, mu da muke alfahari da kasada. Daga kasuwar Sabo zuwa cibiyar fasahar zamani ta CcHub a titin Herbert Macaulay tafiyar ƙafa ce. Can ne mai Facebook, Mark Zuckerberg, ya fara sauka da ya zo Najeriya a 2016. Ga Kwalejin Fasaha ta Yaba tun 1947, ga Jami'ar Legas a Akoka. Matasan da ke rubuta manhaja a waɗannan wurare a wurinmu suke sayen tsire, a wurinmu suke canza dalar da aka biya su daga Amurka. 'Ya'yanmu nawa ne a cikin ɗakin tare da su? Uban da zai ba ɗansa miliyan biyar ya sayo albasa a Aliero, ya kuma haƙura in ta ruɓe, shi ne zai ga sayen kwamfuta da biyan kuɗin koyo almubazzaranci ne. In 'ya mace ce, maganar ma ba ta tasowa.

Masu fasaha sun riga sun nuna ana iyawa. Ali Nuhu ya tsallaka daga Kano zuwa finafinan Kudu lokacin da ake ganin hakan zubar da mutunci ne, ya ci kyautar finafinan Afirka ta AMAA a 2007, a 2024 aka naɗa shi shugaban Hukumar Finafinai ta Ƙasa. Rahama Sadau, da ƙungiyar 'yan fim ta MOPPAN ta kore ta a 2016, a Ikko ta sami aiki, ta fito a Sons of the Caliphate da Up North. Mutum na iya ƙin abin da ya jawo korar, wannan hakkinsa ne. Abin lura shi ne daga Arewa suka zo suka ci kasuwar da ke bakin ƙofarmu, alhali yaran Agege da suka iya Hausa da Yarbanci da Turanci, waɗanda suka fi kowa dacewa da ita, ba su sami mai zuba musu jari ba. Fim da waƙa da ɗinki da ɗaukar hoto sana'o'i ne masu faɗuwa da tashi, amma ba su fi tumatir saurin lalacewa ba.

Don haka, ranku ya daɗe sarakunan Hausawa na Agege da Idi-Araba da sauran unguwanni, da shugabannin kasuwanni, da limamanmu: kun riƙe jama'a a lokutan da riƙon ke da wuya, Allah ya saka da alheri. Saura a kafa asusun asara a kowace ƙungiya, da ma'aji da littafi da mai bincike. A sa dokar cewa duk babur ko Keke ko jari da za a ba yaro sai an rubuta, da shaidu, da bayanin wanda zai ɗauki asara in hukuma ta kama. Duk yaron da ya sauka daga tirela a kai shi ya yi katin zama na LASRRA kafin ya hau titi. Kowace kasuwa kuma ta ɗauki nauyin karatun yara goma a shekara, maza da mata, a makarantun Yaba. Kuɗin bai kai na lodin tirela ɗaya ba.