Wa Zai Zauna Kusa da Mai Horaswa? Mahawarar da Ta Raba Fadodin Kurni

Masu saurare na Kurni da kewaye, da ƴan uwanmu da ke Kano, Agadas, Aljeriya da Libiya, kwanakin nan duk fadar da muka zauna shan shayi zance ɗaya ne: wa za a ɗauka mataimakin mai horas da ƙungiyar balo ta samarinmu kafin gasar hutun makaranta?

Mutum biyu ake ambata. Na farko tsohon ɗan wasa ne da ya yi shekaru yana buga tamaula a Najeriya, ya san dabarun fili, kuma ƴan uwa na waje, waɗanda ke aiko kuɗin riguna da takalma, shi suke so. Na biyu malamin makaranta ne. Bai taɓa yin suna a fili ba, amma ya san kowane yaro da gidansu, ya san wanda uban zai hana fita in aikin gona ya taso. To amma abin da ya ba mu mamaki, kowa na faɗin nasa, ba wanda ya je ya tambayi shi mai horaswar wa yake son ya yi aiki da shi.

Mu tuna abin da ya samu Mena. Haruna Dula ne ya kai Nijar gasar cin kofin Afirka karo na farko, bayan mun doke Masar ɗaya da nema a Yamai a 2010, muka kuma fito daga rukunin da ke da Afirka ta Kudu da Saliyo. Har hukumar CAF ta zaɓe shi gwarzon mai horaswa na 2011. Ana gab da tafiya Gabon a farkon 2012, sai aka kawo Bafaranshe Rolland Courbis, wai mai ba da shawara ne. Gabon ta ci mu 2 da 0 a wasan farko, nan take aka ture Dula gefe, mai shawara ya karɓi ragama. Me ya canza? Tunisiya ta ci mu 2 da 1, Maroko 1 da 0, muka dawo gida ba maki ko ɗaya. Ba mu ce laifin mutum ɗaya ba ne, ƙungiyoyin nan sun fi mu gogewa. Amma ɗan wasan da bai san muryar wa zai bi daga benci ba, ina zai sa kansa?

Dulan nan dai, da aka bar masa ƙungiyar ƴan wasan cikin gida, ya kai ta wasan kusa da na ƙarshe a gasar CHAN ta Aljeriya a 2023, bayan ya fitar da Gana 2 da 0. (Ƴan uwa na can, mun san ba ku manta da biyar ɗin da masu masauki suka zura mana ba, a bar wannan zancen.)

Mu a ganinmu, kwamitin ƙungiya ya kira mai horaswa a gaban kowa, ya faɗi abin da ya rasa. In dabarar kai hari ce ta gagare shi, tsohon ɗan wasan ya fi dacewa, amma da sharaɗi a bayyane: ranar wasa, mutum ɗaya ke canza ɗan wasa. In kuwa matsalar yara ba sa zuwa atisaye ne, kuma mu da ke wucewa ta filin da yamma abin da muke gani ke nan, to malamin zai fi amfani.

Masu aiko kuɗi, Allah ya saka da alheri, in ba ku ba da yaran nan ƙafa ba takalmi za su shiga fili. Ku ba da shawara ta WhatsApp yadda kuka saba, za mu karanta ta a shirinmu na wasanni. Roƙonmu ɗaya: kada a ce in ba a ɗauki wane ba, riguna ba za su zo ba.