A ajiye guduma, a duba sirdin da ya maƙale

Duk wanda ya sayi keken hawan dutse na gwanjo, irin mai sirdin da ke sauka ya tashi da danna maɓalli, ya san hukuncin masu gyara ranar da sirdin ya maƙale: a zuba baƙin mai, a kawo guduma. Wannan hukunci ya dace da sandar ƙarfen tsohon Raleigh da tsatsa ta ci. A kan wannan sanda kuwa, kisa ne, domin cikinta iska ce da aka matse, da mai, da zoben roba. Duka ɗaya yana iya lanƙwasa bututun har abada.

Laifin yawanci ƙarami ne. A fara sassauta kusar da ke riƙe sandar a jikin keke, domin ɗaurin da ya wuce kima yana shaƙe ta. Sannan a duba wayar maɓallin, ko ta saki ko ta yi tsatsa. A goge bututun da tsumma mai tsabta: ƙurar hunturu da yashin bakin tafkin Kainji suna taruwa a wuyan robar, baƙin mai kuwa yana mayar da su kunun da ke goge ƙarfe. Giris kaɗan ya isa.

Mai ɗora keke a kwale-kwale daga Yelwa zuwa Wara, kada ya ɗaga shi da sirdi alhali yana ƙasa. Hakan na iya shigar da iska cikin mai. Malam mai gyara, tambaya ba ta rage daraja. Sandar da ka lanƙwasa, ba a kasuwar Yauri mai keken zai samu wata ba.