Wasiƙa Zuwa Ga Masu Binciken Haɗa Magunguna

Ina rubuto muku daga Runka ta ƙasar Safana, a bakin dajin Rugu, game da aikin da kuka sa gaba na ɗaure iska a jikin folima, wato sinadarin nan mai dogon zare kamar na ƙaro, domin ta bi jini har ta isa ga ƙarin ciwon daji sannan ta kwance.

Mu nan mun san iskar da ke kisa tun ba mu san sunanta ba, gama wanda ya taɓa ganin an fito da mutum a some daga ɗakin da aka rufe da kaskon gawayi lokacin hunturu ya riga ya ga aikin kabon monokisayid. Sai ga shi, cikin hikimar Ubangiji, jikin ɗan Adam da kansa yana samar da ita kaɗan-kaɗan, haka ma nitirik okisayid, wadda gano yadda take sassauta jijiyoyin jini ya sa aka ba Furchgott da Ignarro da Murad lambar Nobel a 1998.

Malamai, abin da ya fi damuna shi ne mizani. Ita nitirik okisayid, idan ta taru da yawa a cikin ƙari takan hallaka ƙwayoyinsa, alhali kuwa idan ta isa 'yar kaɗan tana iya buɗe masa sababbin hanyoyin jini ya ƙara bunƙasa; ga shi kuma masana na Jami'ar Toronto, da suka tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan ɓeraye, sun bayyana a 2016 cewa daga cikin ƙananan ƙwayoyin ɗaukar magani da aka zuba a jini, abin da ke isa ga ƙarin bai wuce kashi 0.7 cikin ɗari ba bisa matsakaicin lissafi. Lalle ku auna abin da ya isa, kada ku dogara da abin da kuka zuba a allura.

Ku tuna da zafinmu kuma. Da yawa daga sinadaran da ke riƙe nitirik okisayid zafi da haske suna kwance su, kantin maganinmu kuwa sau da yawa ba wutar da za ta riƙe firji a watan Afrilu. Ku jarraba su a irin wannan yanayi.

Majiyyacinmu yakan sayar da sa ko gona kafin ya kai Katsina, balle asibitin koyarwa da ke Shika. Don girman Allah, kada ku ambata masa waraka a rediyo sai an gwada maganin a jikin mutane an tabbatar. Wassalam.