Kada A Kai Mana Abuja Cikin Dajin Kamuku

Tun da aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari a watan Nuwamba na 2024, bayan sulhun da gwamnatin Uba Sani ta ƙulla da 'yan bindiga, aka fara ambaton wannan yanki ba don jana'iza ko kuɗin fansa ba. Sulhun ɗanye ne. Amma idan ya ɗore, masu jari za su tuna da Gandun Dajin Kamuku, su ce a gina masaukin hutawa da wartsake jiki da zuciya, irin wanda ake yayi a duniya. Ba mu ƙi ba. Tsoronmu shi ne hannun da zai yi ginin.

Mun san wannan hannun. Katafila ce ke fara isa, ta share fili ƙal, ta kayar da doka da maje da kaɗanyar da suka girmi kakanninmu. Sai bulo da siminti, sai tayil da gilashi, sai kwano mai ɗaukar ido. Ɗaki ya zama tanda, a saka na'urar sanyaya ɗaki, a kunna janareto ya kwana yana ruri. A ƙarshe a dasa furen waje a bakin ƙofa, a ce an kawo ci gaba. Wanda ya baro hayaniyar Kaduna don ya ji kukan tsuntsaye, sai ya biya kuɗi ya kwana da ƙarar inji.

Kamuku ba kango ba ne. Tun 1936 aka keɓe shi a matsayin gandun En'e ta Birnin Gwari, a 1999 ya zama gandun ƙasa. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 1,100, yana maƙwabtaka da dajin Kuyambana na Zamfara. Akwai gangaren ruwa na Dogon Ruwa, akwai Goron Dutse, akwai Tsaunin Rema. Wurin da Allah ya riga ya ƙawata haka, aikin magini shi ne ya ƙanƙantar da kansa.

Saboda haka muke cewa a yi ginin a gefen daji, kusa da ƙauyuka, a bar cikinsa ga namun dajin da suka tsira. Kada rufi ya fi bishiya tsayi. A kewaye bishiya da ɗaki maimakon a sare ta don ɗaki. A ɗora tushe na dutse, a tayar da bango mai kauri na jar ƙasar wurin, wanda ke hana zafin rana shiga, ya riƙe ɗumi a daren hunturu. A yi shafe da makuba, wadda daga ɓawon ɗorawa ake samunta. A yi zaure da tsakar gida da inuwa, a bar wa iska hanyar shiga da fita. Wuta ta zo daga hasken rana, fitilu su zama ƙanana don a ga taurari. Ruwan wanka da ya gama aiki ya tafi lambu, kada ya gangara rafi.

Za a ce ginin ƙasa ginin talauci ne. To, a tuna da bakan gizon da Babban Gwani Mikaila ya ɗaga a masallacin Juma'a na Zariya tun ƙarni na 19. A je Dandaji a Jamhuriyar Nijar, garin Hausawa, inda Mariam Issoufou da Yasaman Esmaili suka mayar da tsohon masallacin ƙasa ɗakin karatu, suka gina sabo da bulon ƙasa, aka kammala a 2018. Francis Kéré na Burkina Faso, da makarantar ƙasa a ƙauyensu Gando ya fara, a 2022 ya karɓi lambar Pritzker, mafi girma a harkar zanen gini. Duniya na karrama abin da mu muke jin kunyarsa.

Za a ce daminar Birnin Gwari ta fi ta Kano ƙarfi, ruwa zai cinye bango. Gaskiya ne, kuma maganinsa sananne ne: tushe mai tsayi, rufi mai faɗin baki, da yaɓe duk shekara. Wannan yaɓen ba asara ba ne, albashin magina ne 'yan ƙasa, kuɗin da ba zai tafi kamfanin siminti ba.

Za a ce tsaro na buƙatar doguwar katanga da waya mai ƙaya. Wace katanga ce ta hana a sace ɗaliban kwalejin gandun daji ta Afaka a 2021, a bakin birnin Kaduna? Abin da ke tsare baƙo a daji shi ne maƙwabcin da ke cin abinci daga zuwansa. Idan matan Gwari da Kamuku ne ke sayar da man kaɗe da zuma da daddawa, idan tsohon maharbi ne ɗan jagora, idan makiyayi ne ke kawo nono, kowa zai zama mai gadi. Idan kuwa aka kange su waje suna leƙe, an shuka sabuwar gaba.

Sannan wa ya fi buƙatar hutun zuciya? Matar da ta sayar da gona ta fanso ɗanta, da direban da ya yi shekaru yana bin hanyar Buruku ransa a hannu. Masaukin da ba shi da ɗaki ga irin waɗannan, a farashin da za su iya, bai cancanci a kira shi wurin waraka ba.

Muna kira ga hukumar kula da gandun daji ta ƙasa da masarautar Birnin Gwari su rubuta waɗannan sharuɗɗa tun yanzu, kafin a yanka fili ko ɗaya. Ranar da katafila ta iso, magana ta ƙare. Ana iya rushe mummunan gini cikin mako guda, amma majen da aka sare, ko jikokinmu ba lallai su sha inuwar madadinsa ba.