Kada Ka Yi Cinikin Biri A Sama: Shawara Ga Mai Son Jitar Bes

Duk wanda ya taɓa halartar bikin aure ko taron mawaƙan coci a Zuru ya san akwai wani sauti wanda kunne bai cika kula da shi ba, amma ƙirji yana jin sa. Wannan shi ne sautin jitar bes, watau jitar nan mai kaurin murya wadda ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da ganga. Akwai masu sha'awarta cikinmu, daga ɗaliban Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da aka kafa a Zuru a 2020 har zuwa ƙananan ma'aikata. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne asarar da na ga wani ƙanena ya tafka. Ya tara kuɗin wata shida, ya aika aka sayo masa mai tsirkiya biyar, mai ƙyalli, bai taɓa ta da hannunsa ba. Kafin hunturu ya wuce wuyanta ya lanƙwashe, yau tana rataye a bango.

A ganina, mai farawa ya nemi mai tsirkiya huɗu. Irinta ce Leo Fender ya fitar a Amurka a 1951, ana ɗaure ta a kan muryoyin E, A, D da G, kuma har yau da ita ake yawancin kiɗan duniya. Wani zai ce mai biyar ta fi zurfin murya, kuma ana yayinta a coci. Gaskiya ne, amma wuyanta ya fi faɗi, kuma kowace ƙarin tsirkiya ƙarin aiki ce ga hannun da bai riga ya koyi kashe ƙarar da ba a so ba. Marigayi Ɗanmaraya Jos da tsirkiya ɗaya ta kuntigi ya zagaya duniya.

In ka je saye, je da wanda ya iya. Ka rataya ta a kafaɗa, domin nauyinta yakan kai kilo 4, kuma da ita za ka tsaya sa'o'i. Ka saita idonka daga gindi zuwa kai ka ga ko wuyan a miƙe yake, sa'an nan ka tambaya ko ƙarfen da ke cikin wuyan, wanda ake juyawa don gyara lanƙwasa, yana aiki. Wannan muhimmi ne gare mu, domin kayan da ya kwana cikin laimar Legas, in ya gamu da busasshiyar iskar hunturu, katakonsa yakan tsuke. Ka danna kowace tsirkiya a kowane gurbi, ka saurara ko tana ƙaraurawa. Tsawon tsirkiya da aka saba inci 34 ne, amma akwai mai inci 30 domin mai gajerun yatsu, ba kuwa abin kunya ba ne. Ka fifita wadda ba ta bukatar batir. Ta hannu mai lafiya daga Yamaha, Ibanez ko Squier ta fi sabuwa marar asali, araha dai ba ta ado.

Kada ka ƙarar da kuɗinka a kan jita ka manta da amfilifaya. Tsirkiya mafi kauri tana kaɗawa kusan sau 41 ne kawai a daƙiƙa, ƙaramar lasifikar jita ta yau da kullum ba ta iya ɗaukar wannan, tana iya fashewa. Nemi wadda aka yi domin bes, mai wurin sa abin ji na kunne, don kada ka hana abokan ɗakinka karatu.

Game da koyo, nan ne samari suka fi ɓata. Kowa so yake cikin mako guda yatsunsa su yi gudu. Aikin mai bes kuwa riƙe lokaci ne. Aston Barrett, wanda ya kaɗa wa Bob Marley, ya shahara ne saboda ya san inda zai buga da inda zai yi shiru. Ka ware minti 30 kullum, wanda ya fi sa'a biyar ranar Asabar kaɗai. Ka fara da yatsu biyu, manuniya da ta tsakiya, suna karɓa-karɓa. Ka koyi sunan kowace murya a wuyan jitar, ka riƙa bin manhajar ƙidayar bugu a wayarka sannu a hankali. Yatsu za su yi kanta, kada ka fasa.

Sa'an nan ina da ƙorafi. Me ya sa za mu kwaikwayi Jamaika da Kwango kaɗai, alhali gangunan Uhola suna ƙofar gidanmu? Ka zauna kusa da makaɗan gargajiya, ka saurari babbar ganga, ka nemi amsarta a tsirkiyarka. A nan ne za ka sami abin da babu mai koya maka a intanet.

Iyaye da yawa suna ganin kiɗa hanyar lalacewa ce, kuma duk ɗalibin da ya faɗi jarrabawa saboda jita ya ba su hujja. Saboda haka littafi a gaba, jita a baya. Jikan mutanen da suka yi shekaru suna noman golmo kafin a ba su mata bai kamata shekara guda ta koyo ta gagare shi ba. Allah ya ba mu haƙuri, amin.